Me ya sa Jamaikawa da yawa ke ɗauke da ciwon suga ba su sani ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na karanta cewa a ƙasar Jamaika mutane da yawa na da ciwon suga ba su sani ba, duk da wayar da kai da ake yi. Ashe ciwon ba ya nuna alama ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Abin da ka karanta haka yake. Binciken lafiya na ƙasa da aka gudanar a Jamaika daga 2016 zuwa 2017 ya gano kusan mutum 1 cikin 8, daga ɗan shekara 15 zuwa sama, na da ciwon, kuma kusan 4 cikin 10 daga cikinsu ba su da labari. Mata sun fi maza yawa.

Ciwon yana da alama, sai dai takan makara. Ƙoda ba ta fara zubar da suga cikin fitsari sai ya kai wajen 10 mmol/L (ma'aunin yawan suga) a jini, alhali daga 7.0 a gwajin da aka yi kafin karin kumallo an riga an shiga ciwon. A tsakanin nan mutum na iya yin shekaru garau, suga kuwa yana cin jijiyoyin ido, ƙoda da ƙafa.

Da sugan ya faɗa fitsari sai ya ja ruwa tare da shi. Daga nan ne yawan tashi fitsari da dare, ƙishirwa mai tsanani, kasala da rama ke farawa. A ƙasa mai zafi kamar Jamaika, mai ƙishirwa yakan ɗora laifin kan rana, ya sayi lemon leda mai zaƙi ya kora, ya ƙara wa wutar fetur. Akwai kuma alamomin da aka fi rainawa: gani dishi-dishi, gyambon da ya ƙi warkewa, ƙaiƙayin gaba mai yawan dawowa, mutuwar tafin ƙafa, da baƙin da ke kwanciya a bayan wuya, wanda ake ta dirza da soso ana zaton dauɗa ce.

Abin da ya fi damuna shi ne dogaro da shayin "cerasee", ganye mai ɗaci ɗan'uwan garafuni, da ake sha a can don "wanke jini". Ɗacinsa ba ya gaya wa kowa adadin sugansa.

Maganin wannan ruɗani gwaji ne. A kwana awa 8 ba a ci komai ba sai ruwa, a auna sugan jini da safe. Idan ya kai 7.0, a maimaita wata rana don tabbatarwa, ko a yi gwajin HbA1c, wato gwajin jini mai nuna matsakaicin suga na watanni biyu zuwa uku da suka wuce, inda kashi 6.5 ko fiye ke nuna ciwon. Mai ƙiba, mai hawan jini, mai ciwon a dangi, da macen da suganta ya hau lokacin goyon ciki, kada su jira alama. Wanda aka tabbatar masa a Jamaika yana iya yin rajista da Asusun Lafiya na Ƙasa, NHF, ya samu rangwamen kuɗin magani. Amai, ciwon ciki da numfashi sama-sama tare da ƙishirwa kuwa, musamman ga yaro, a garzaya asibiti nan take.