Tambaya da Amsa: Manhajar da ke kawo wa AI farashin zaɓin hannun jari kai tsaye

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ina zaune a Ƙofar Ƙaura cikin birnin Katsina. Wani abokina ya nuna mini wata manhaja da ya ce idan aka haɗa ta da ƙirƙirarriyar basira, wato AI, tana ɗauko farashin zaɓin hannun jari daga kasuwar Amurka a daidai lokacin da ake ciniki. Ya ce da ita AI za ta riƙa yi wa mutum ciniki yana barci. Ina da 'yan kuɗin da na tara daga gyaran wayoyi. Mene ne gaskiyar wannan manhaja, kuma ya dace in zuba kuɗina?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Manhajar tana nan, kuma rabin maganar abokinka gaskiya ce. Ɗaya rabin ne ya sa na ba tambayarka fili mai yawa.

Bari mu fara da hajar kanta. Zaɓin hannun jari yarjejeniya ce da ke ba mai ita damar saye ko sayar da hannun jarin wani kamfani a kan farashin da aka yanke tun farko, kafin wani wa'adi ya cika, ba tare da an tilasta masa ba. Akwai zaɓin saye, akwai zaɓin sayarwa, kuma kowanne da kuɗi ake sayensa. Abin da ya fi kusa da shi a wurinmu shi ne kafin alƙalami: mutum ya ga sa a kasuwar Mai'aduwa, ya ba da wani abu domin a riƙe masa shi a kan farashin yau zuwa kasuwa mai zuwa. Bambancin shi ne kuɗin zaɓi ba ya shiga cikin farashin kaya, ba a mayar da shi, kuma ita kanta damar ana iya sayar da ita ga wani. A tsarin da aka sani yau, wannan ciniki ya fara ne a kasuwar CBOE ta birnin Chicago a 1973, kuma a Amurka yarjejeniya ɗaya tana wakiltar hannun jari 100.

Ga misali. A ce hannun jarin wani kamfani yana dala 100, sai ka sayi zaɓin saye a kan dala 105 na wata guda, kowane hannu ɗaya a kan dala 2, ka biya dala 200 ke nan. Idan farashi ya kai dala 112 ranar cikar wa'adi, yarjejeniyarka ta kai darajar dala 700, ka ci ribar dala 500. Idan kuwa ya tsaya a dala 104, duk da cewa hasashenka na cewa zai tashi ya yi daidai, dala 200 ɗinka ta tafi gaba ɗaya, domin bai wuce dala 105 ba, kuma sai farashi ya wuce dala 107 kafin ka ga sisin riba. Wanda ya sayi hannun jarin da kansa yana iya haƙuri shekara da shekaru har farashi ya farfaɗo, amma mai zaɓi, idan farashi bai motsa ba, kowace rana ta wuce darajar abin da ke hannunsa raguwa take yi. Wanda kuma ya sayar da zaɓin saye alhali ba ya da hannun jarin, asararsa ba ta da iyaka.

Yanzu sai manhajar. Irin AI ɗin da muke hira da ita an horar da ita ne da rubuce-rubucen da suka tsaya a wani lokaci, saboda haka ba ta san farashin yau ba, kuma idan aka matsa mata da tambaya tana iya ƙago lamba ta faɗe ta da cikakken tabbaci. Domin toshe wannan ɓaraka ne ake haɗa ta da wasu manhajoji na waje. A watan Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da wani tsari mai suna MCP, wanda daga baya OpenAI da Google suka karɓa, kuma da yawa daga cikin manhajojin irin wadda ka gani a kansa aka gina su. Manhajar tana sanar da AI ayyukan da za ta iya yi, kamar kawo jerin zaɓuɓɓukan kamfani kaza masu ƙarewa ranar kaza. Idan ka yi tambaya, AI ta aika buƙata, manhajar ta karɓo jadawali daga kamfanin da ke sayar da bayanai, sannan AI ta karanta ta yi maka bayani. A jadawalin za ka ga farashin da masu saye suka taya, da wanda masu sayarwa suka sallama, da yawan yarjejeniyoyin da ke buɗe, da ƙiyasin yadda kasuwa ke sa ran farashi zai yi hawa da sauka. Wannan aiki ne mai amfani ƙwarai, domin jadawalin babban kamfani ɗaya yana iya ɗauke da layuka dubbai, kuma tace su da ido wahala ce.

Sai dai kalmar "kai tsaye" tana buƙatar bincike kafin ka yarda da ita. Kasuwannin zaɓi a Amurka sun haura 15, kuma wata hukuma mai suna OPRA ce ke tattara farashinsu ta rarraba, da lasisi da kuɗi. Shi ya sa yawancin bayanan da ake bayarwa kyauta suna zuwa ne da jinkirin minti 15, wasu ma na rufewar kasuwar jiya ne. A cinikin zaɓi, musamman wanda wa'adinsa ke cika a ranar, minti 15 ya isa farashi ya ninka ko ya zube, kuma AI ba za ta gaya maka cewa lambar tsohuwa ce ba muddin manhajar ba ta haɗa mata da lokacin da aka ɗauko ta ba. Tun da kai ɗalibin kwamfuta ne, ka buɗe amsar da manhajar ke dawowa da ita ka duba hatimin lokaci da idonka. Ka kuma san cewa kasuwar New York tana buɗewa ne da ƙarfe 2:30 na rana agogon Najeriya ta rufe 9:00 na dare, daga Maris zuwa farkon Nuwamba, sauran watannin kuma a ƙara awa ɗaya. Lokacin da kake barci a Katsina kasuwar hannun jarin ta riga ta tashi.

Inda nake so ka fi natsuwa shi ne bambanci tsakanin manhajar da ke karanta farashi da wadda ke da ikon ba dillali umarnin saye. Ta farko idan ta yi kuskure, bayani ne ya gurɓace, kana iya ganowa. Ta biyu idan AI ta rikita ranar wa'adi, ko ta ɗauki zaɓin sayarwa a matsayin na saye, ko ta karanta wani shafin intanet da aka ɓoye umarnin yaudara a cikinsa, kuɗinka ne zai fita kafin ka ankara. Kada ka miƙa wa kowace manhaja mabuɗin asusunka mai ikon ciniki, balle wadda ba ka san wanda ya rubuta ta ba. Kuma ka tuna cewa farashin da manhajar ke kawo maka shi ne dai wanda manyan kamfanonin ciniki ke gani kafin kai, da na'urorin da ke girke kusa da kasuwar, don haka ganinsa kaɗai ba ya ba ka fifiko a kan kowa.

Ra'ayina shi ne kada ka zuba kuɗin gyaran wayarka. Dillalai da dama suna ba da asusun gwaji na kuɗin bogi. Ka haɗa manhajar da irinsa, ka rubuta kowane hasashe da sakamakonsa na tsawon watanni, ka koyi yadda ake gina ta. Wannan ƙwarewar kanta sana'a ce, domin hanyar da ake kawo wa AI farashin zaɓi ita ce za a bi a kawo mata farashin masara daga kasuwar Dandume. Idan kuma wani ya ce ka tura masa kuɗi AI ɗinsa ta ninka maka, ka tuna CBEX, manhajar saka jari ta intanet wadda ta yi irin wannan alkawari ta kuma rushe a Afrilun 2025 da kuɗin ɗimbin 'yan Najeriya, hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari a Najeriya ta ce ba ta taɓa yi mata rajista ba.

TAMBAYA: Malam, ni malamar makaranta ce a Daura. Maigidana yana sha'awar wannan ciniki na zaɓi da taimakon AI. Shin ya halatta, kuma ana yinsa a kasuwar Najeriya?

AMSA: Malama, fatawa ta malamai ce, amma ga abin da yake a rubuce. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta tattauna batun a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa yarjejeniyar zaɓi yadda ake yinta a kasuwannin duniya ba ta halatta ba, domin abin da ake sayarwa ba dukiya ba ne, ba amfani ba ne, ba kuma haƙƙi ne da ya halatta a karɓi kuɗi a kansa ba. Shigar AI cikin lamarin ba ta sauya yanayin yarjejeniyar, tun da aikinta kawo lamba ne da bayani.

Game da Najeriya, abin da NGX, kasuwar hannun jari ta Legas, ta ƙaddamar a Afrilun 2022 yarjejeniyar ciniki na gaba ce a kan ma'aunan NGX 30 da NGX Pension masu nuna hawa da saukar farashin rukunin kamfanoni, wadda ta bambanta da zaɓi domin ita dole ne a cika ta idan wa'adi ya yi, kuma yawancin manhajojin da ake magana a kansu kasuwar Amurka suke kallo, da dala ake shiga. Idan burin maigida saka jari ne, a NGX akwai ma'aunin Lotus Islamic da ke tattara kamfanonin da aka tace bisa ƙa'idojin Shari'a, kuma yana iya sayen hannun jarinsu ta hannun dillalin da ke da rajista da SEC, bayan ya duba sunan dillalin a shafin hukumar.