Amsa ga Alhajin Agege kan 'yarsa mai son aikin jinya

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka ce 'yarka ta gama sakandare tana son aikin jinya, dangi kuma na cewa nas ai 'yar aiken likita ce, ba aikin da za a ɗaga kai da shi ba ne. Ka ƙara da cewa wani asibitin kuɗi a unguwarku ya ce a kawo ta a koya mata cikin shekara biyu. Bari in fara da wannan na ƙarshen, don a nan ramin yake.

Don Allah kada ka kai ta. Za ta iya allura da awon jini da ƙarin ruwa, za ta sa fararen kaya, amma takardar da za a ba ta ba ta wuce ƙofar asibitin ba. Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa, NMCN, ita kaɗai ke ba da lasisi, kuma ba ta san da wannan horon ba. Asibitin gwamnati ba zai ɗauke ta a matsayin nas ba, ba ta da matakin albashi, ranar da aka samu kuskure kuwa ba ta da madafa. Yawancin rainin da dangi ke faɗa daga nan ya samo asali, domin mutane ba sa bambance mai lasisi da wadda aka ɗinka wa yunifom kawai.

Hanyar gaskiya biyu ce, kuma duka suna buƙatar kiredit 5: Turanci, Lissafi, Fizik, Kimistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. In ta rasa ko guda ɗaya, ta sake WAEC ko NECO tukuna, babu mai yafe wannan. Ta farko jami'a ce, shekara 5 a samu digirin BNSc, sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sai bautar ƙasa. Jami'ar Legas na yi a kwalejin likitancinta da ke Idi-Araba, jami'ar jihar Legas, LASU, ma na yi a Ikeja, sai dai makin JAMB da ake nema yana da tsauri ƙwarai. Ta biyu kwalejin jinya ce, irin ta asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, ko ta jihar Legas da ke Igando. A da shekara 3 ake yi a fito da RN, wato shaidar nas mai rajista, yanzu makarantu da dama sun koma tsarin ND da HND na shekara 4, ta hanyar JAMB.

Inda yara suka fi faɗuwa shi ne zangon farko. Ana jibga musu darasin sassan jiki da yadda suke aiki, a yi jarrabawar tankaɗe, wanda ya faɗi ya koma gida. Yarinyar da ke tasowa daga Agege kullum da asuba, ta sha cunkoson Oshodi, ta dawo ta tarar da girki, da wuya ta tsallake. In da hali a nema mata ɗakin kwanan ɗalibai. Bayan nan makaranta ke tura sunanta hukuma a ba ta lambar rajista. Ka bi diddigin wannan lambar da kanka, domin makarantar da ta ɗebi ɗalibai fiye da adadin da aka yarje mata takan bar wasu ba lamba, kuma marar lamba ba ya zana jarrabawar ƙarshe.

Maganar daraja kuwa, nas mai lasisi ma'aikaciya ce mai tsaninta na kanta. A asibitocin tarayya tana kan tsarin albashi na CONHESS, shugabarta nas ce, kuma tana iya hawa har darakta, sai dai wannan matakin sai da digiri. Shi ya sa masu RN ke komawa su yi BNSc suna aiki, wasu ta jami'ar karatu daga gida, NOUN. Akwai kuma ƙwarewa bayan RN: ungozoma wata 18, jinyar ƙashi a Igbobi, jinyar masu taɓin hankali a Yaba. Lasisi ana sabunta shi lokaci zuwa lokaci. Mai son Ingila ko Amurka ko Saudiyya ma da wannan lasisin ake fara tantance ta.

Ban ce aikin hutu ne ba. Akwai aikin dare, akwai ranar Sallah a bakin aiki, akwai wankin ciwo da juya marar lafiya kowane awa biyu don kada bayansa ya saluɓe. Albashin farko a yawancin asibitocin kuɗi, in aka cire kuɗin mota da haya, kaɗan ke saura. Ku yi wannan maganar a gida tun yanzu, kuma a faɗa wa duk mai neman aurenta kafin a sa rana.

Sannan muna da buƙatarta, Alhaji. Bahaushiya mai ciki daga Mile 12 takan zo awo ba ta jin Yarbanci ba ta jin Turanci, ƙafarta ta kumbura, kanta na sarawa, ta kasa faɗa sai an nemo tafinta, alhali waɗannan alamun hawan jinin masu ciki ne da ba ya jira.

Kafin ka biya ko kwabo na fom, ka duba sunan makarantar a jerin waɗanda NMCN ta amince da su a shafinta na intanet, kuma ka tambayi ƙa'idarsu kan hijabi da yunifom. Allah Ya yi mata albarka.