Ɗana ya shiga ƙungiyar kallon tsuntsaye a Landan: shin ba ɓata lokaci ba ne?

Tambaya: Ɗana yana karatu a Landan. Kwanan nan ya shiga wata ƙungiyar matasa baƙar fata masu fita kallon tsuntsaye a ƙarshen mako. Mene ne amfanin wannan, kuma me ya sa sai baƙar fata zalla?

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Irin waɗannan ƙungiyoyi sanannu ne a can. Akwai Flock Together, wadda Ollie Olanipekun da Nadeem Perera suka kafa a Landan a 2020, akwai kuma Black Girls Hike ta 'yan mata masu tattaki, wadda Rhiane Fatinikun ta fara a Manchesta a 2019.

Tambayarki ta biyu ita ce mai nauyi. Doka ba ta hana kowa shiga lambu ba, amma idan saurayi baƙi ya tsaya shi kaɗai a bayan bishiya da tabarau mai hango nesa a wuyansa, kallon da ake yi masa daban ne. A ranar 25 ga Mayun 2020, a lambun Central Park da ke birnin New York, wani baƙar fata mai suna Christian Cooper yana kallon tsuntsaye ya roƙi wata Baturiya ta ɗaure karenta kamar yadda dokar wurin ta tanada. Sai ta kira 'yan sanda ta ce wani baƙar fata yana yi mata barazana. Allah ya sa ya ɗauki bidiyo. A Amurka abin ya samo asali tun zamanin wariya, lokacin da ake ware wa baƙi nasu wuraren shaƙatawa, kafin dokar 1964 da ta haramta wariyar. Ingila ba ta yi dokar wariya irin ta Amurka ba, sai dai zama kai kaɗai a cikin taro ma gajiya ce. Idan ana fita jama'a guda, ba mai tsayawa yi wa kowa bayanin abin da ya kawo shi.

Amfanin kuwa, a ganina, ya fi na tsuntsun kansa. Ɗalibin da ya wuni tsakanin ɗaki da aji, ga hunturun da rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu, kaɗaici na saurin kama shi. A Walthamstow Wetlands, wasu tafkunan ajiyar ruwa a Landan da aka buɗe wa jama'a a 2017, zai yi tafiyar sa'o'i biyu yana kallon zalɓe a sheƙarsa, ko sisi bai biya ba. Wasu tsuntsayen Turai ma, idan sanyi ya shigo, Sahara suke ƙetarewa su sauka a dausayin Hadejiya zuwa Nguru.

Abin da za ki tambaye shi kawai: yana da takalmin da laka ba ta ratsa shi da rigar ruwa? Kuma kada fitar ta ci masa makon jarrabawa.