Me ya sa ruwan randa ke sanyi alhali gari na zafi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Maraɗi, ina zaune unguwar Zariya. A darasin fizik an koya mana cewa zafi kullum daga abu mai zafi yake tafiya zuwa abu mai sanyi. To yaya ruwan randarmu ke fin iskar ɗaki sanyi a tsakiyar bazara, ba lantarki ba ƙanƙara? Kuma me ya sa da damina ba ya yin sanyin haka?

Amsa: Ƴata, Allah ya yi miki albarka. Abin da aka koya miki daidai ne, randa ba ta karya wannan doka ba. Zafin ɗaki yana shiga cikinta kamar yadda malaminku ya faɗa, sai dai akwai wata hanya da zafin ke fita, kuma ita ce amsar tambayarki.

Randa da yumɓu ake gina ta, jikinta cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, shi ya sa in kika shafa bayanta za ki ji danshi. Wannan danshin yana bin iska a hankali, wato yana zama tururi. Ɗalibai da yawa suna ɗauka sai ruwa ya kai digiri 100 ya tafasa kafin ya zama tururi. Ba haka ba ne. Tafasa a cikin ruwan gaba ɗaya take faruwa, bushewa kuwa a samansa kawai, kuma ko ruwan yana da sanyi tana faruwa. In ba haka ba, da wanki bai taɓa bushewa a kan igiya ba.

Ruwa tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ake kira molekul, kowace ɗaya atom biyu na haidurojin da ɗaya na oksijin, abin da kuke rubutawa H2O. Ba sa zama wuri ɗaya, kullum cikin motsi suke, wasu da sauri wasu a hankali. Abin da ma'aunin zafi ke nunawa shi ne matsakaicin ƙarfin wannan motsi. Waɗanda suka fi sauri su ne ke iya kuɓucewa daga riƙon ƴan'uwansu su shiga iska. In aka kwashe masu manyan maki daga ajinku, matsakaicin makin ajin sauka zai yi. Haka masu saurin ke tafiya su bar masu sanyin jiki, sai zafin ruwan ya ragu.

Ɗauki biro mu yi lissafi, don a nan ne abin ke ba ni sha'awa. Kafin kilo ɗaya na ruwa ya sauka da digiri ɗaya, sai an cire masa zafi wajen kilojul 4.2 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne). Randa mai lita 20, wato kilo 20 na ruwa, ke nan tana buƙatar a cire mata kilojul 84. Giram ɗaya tak na ruwa kuwa, in ya bushe a zafin ɗaki, yana tafiya da wajen kilojul 2.4. Raba 84 da 2.4, za ki samu giram 35. Wato ruwan da bai wuce cokali biyu zuwa uku na cin abinci ba, bushewarsa ta isa ta sauke lita 20 da digiri guda. A zahiri abin da ke bushewa ya fi haka, tunda iskar ɗaki na ta mayar da zafi ciki. Sanyin zai yi ta ƙaruwa har zafin da ke shiga ya yi daidai da wanda ke fita, daga nan ya tsaya. Shi ya sa randa ba za ta taɓa yin ƙanƙara ba.

Batun damina kuma, iska na da iyakar tururin da take iya ɗauka. A Maris da Afrilu iskar Maraɗi busasshiya ce ƙayau, tana shanye danshin randa nan da nan. A Agusta ta riga ta ƙoshi da laima, bushewa sai ta yi nawa. Dalilin ke nan da zufa ke manne miki a jiki da damina ba ta sanyaya ki.

Da wannan ilimi ne wani malami na Jigawa a Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana tumatir da ganye, har ya sami kyautar kamfanin agogo na Rolex a 2000.

Ki gwada da kanki: samo ma'aunin zafi biyu, ki naɗe bakin ɗaya da jiƙaƙƙiyar auduga, ki yi musu fifita minti biyar, ki rubuta bambancin. Ki sake gwadawa da damina. A gida kuma kada a shafa wa randa fenti ko siminti, domin toshe ƙofofin zai yi. A ajiye ta a inuwa inda iska ke ratsawa. Ki kuma tuna wa mutanen gida cewa sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, don haka a rufe bakinta, a riƙa wanke ta, a ware moɗa ɗaya ta ɗiba wadda ba a kai ta baki.