Ɗiyata Ba Ta Fara Al'ada Ba

Tambaya: Likita, ni uwa ce mazauniyar Makka. Ɗiyata ta cika shekara 14 ba ta fara al'ada ba, alhali ƙawayenta na makarantar hadda duk sun fara, har ta daina zama cikinsu. Shin ciwo ne?

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, domin shekara 14 ba jinkiri ba ce. Alamun balaga kan bayyana ga 'ya mace tsakanin shekara 8 zuwa 13, kuma binciken da wasu masana biyu, Marshall da Tanner, suka wallafa a Ingila a 1969 ya nuna cewa galibi fitowar nono ce ke riga zuwa, sannan al'ada ta biyo baya bayan kimanin shekara biyu. Gado yana da tasiri, haka ma ƙarancin abinci mai gina jiki. Idan ta kai 15 ba ta ga jini ba, ko kuma har yanzu ƙirjinta bai fara tasowa ba, to ki kai ta wurin likitar mata.

Janyewarta daga ƙawaye ta fi damuna. Ki zaunar da ita ku biyu a ɗaki, ki faɗa mata shekarun da ke kanki kika fara, ki kuma saya mata audugar mata ta ajiye a jakarta tun yanzu.