Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan kaluluwa da cutar lupus

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ɗiyarki lafiya. Kin ce likita ya tabbatar tana da lupus, cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta far wa jikin mai ita, ga shi kuma kaluluwa ta fito mata a wuya da hammata, kina fargabar ko wata cutar ce ta ƙaru. Na daɗe ina aikin jinya tare da masu irin wannan lalura, kuma muna yawan ganin haka, galibi idan ciwon ya motsa.

Kowa na da ɗaruruwan kaluluwa a jikinsa, a wuya, hammata, matsematsi, har cikin ƙirji da ciki, sai ta kumbura ake sanin tana nan. A cikinta fararen ƙwayoyin jini ke taruwa su yi shirin yaƙar cuta. Amma tana da wani aikin da ba a cika faɗa ba, wanda ni a wurina ya fi ban mamaki: a nan ake hana su taɓa jikin mai su. Ƙwayoyin da ake kira T suna samun horon farko a taimos, wani ɗan nama a bayan ƙashin ƙirji, inda ake kashe duk wadda ta nuna za ta far wa jiki. Sai dai wasu kan sulale. To a kaluluwa, ƙwayoyin da suka yi mata saƙar ciki, da waɗanda ke shimfiɗe a hanyoyin ruwanta, suna riƙe da ɗan samfurin wasu sassan jiki, kamar na hanji da na fata. Ƙwayar T ɗin da ta zabura a kan samfurin, ko ta mutu ko a kashe mata kaifi. A jikin ɓeraye aka fi nuna wannan. Akwai kuma wasu ƙwayoyin T masu tsawatar wa 'yan'uwansu, waɗanda Shimon Sakaguchi na Japan ya bayyana a 1995, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2025 tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell.

A lupus wannan tsaron ne ya yi rauni, har ƙwayoyin B, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, suka shiga ƙera makami a kan jikin yarinyar. Aiki ya yi wa kaluluwa yawa, sai ta kumbura. Irin wannan yawanci tana da laushi, tana zamewa ƙarƙashin yatsa.

Duk da haka kada ki yanke hukunci a gida. Tarin fuka ma yana kama kaluluwar wuya, yana da yawa a wajenmu, kuma prednisolone, maganin da ake ba masu lupus, na rage ƙarfin garkuwa. Idan ta yi tauri, ta kafe wuri guda, tana ƙara girma ko tana fitar da ruwa, ko ga rama da gumin dare, ku koma asibiti da wuri. Wataƙila su zuƙi kaɗan da allura su duba.

Don Allah kada a kai ta wurin wanzami. Na taɓa wanke wa wata budurwa wuyan da aka yi wa tsaga tana kan wannan magani, wurin ya ɗuri ruwa, auduga na fitowa jiƙe da mugunya, ya daɗe bai kame ba. Haka magungunan "ƙara ƙarfin garkuwa" da ake talla, ki bar su, garkuwarta ba ƙarfi ta rasa ba. Kada kuma ta daina shan prednisolone farat ɗaya don ta ji sauƙi, likita ne zai riƙa rage mata a hankali. Ranar da za ku koma, ki roƙa a gwada fitsarinta, domin lupus kan taɓa ƙoda tun mutum bai ji komai ba.