Da gaske kyamarar fim ta dawo?

Ka tambaya ko kyamarar fim ta dawo da gaske, ko yayi ne kawai. Ta dawo, ɗan'uwa, amma ba kamar da ba. Kamfanin Kodak, da ya durƙushe a 2012, ya sake fitar da fim ɗin Ektachrome a 2018. A 2024 kuma aka fito da kyamarar Pentax 17, sabuwa fil, mai raba kowane gurbin fim gida biyu. Fim mai hoto 36 sai ya ba ka 72. Da babban yatsa kake tura ɗan hannunta mai matsar da fim gaba kafin kowane ɗauka, abin da ni ya fi burge ni ke nan.

Sai dai masu wankin fim sun yi ƙaranci. Nemo mai wanki tukuna kafin ka sayi kyamarar.